Sikirin na shafa a kyamara: 5D Mark III zan ɗauka ko 6D Mark II?

Yaron Situdiyo:
Assalamu alaikum manyanmu na wannan gida, iyayen gidana da yayyena barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema kuma ta gaggawa ce, don mai kayan ya ba ni zuwa ranar Asabar. Shekara uku kenan ina bin ogana aiki, ina riƙe masa haske ina ɗaukar jaka, yanzu Allah ya sa na ɗan tara abin da zan sayi kyamarar kaina ta hannu. Guda biyu aka nuna min kuma kuɗinsu kusan ɗaya, Canon 5D Mark III da Canon 6D Mark II. Ni dai zuciyata ta tafi kan 6D ɗin saboda sikirin ɗinta na shafa ne kamar waya kuma yana juyawa, na taɓa fuskar mai shagon a sikirin kawai sai naga fokos ya je ya zauna a kanta, wlh abin ya shiga raina. Amma da na faɗa wa oga sai yace shafa-shafa wasan yara ne, mai hoton gaske da botin yake aiki, in ɗauki 5D kawai in huta. Aikin da nake samu yawanci na biki ne, kamu da dina da walima, sai ɗan bidiyo na masu sayar da atamfa da turare a Instagram. Shin sikirin na shafa yana da amfanin da zai sa mutum ya zaɓi kyamara saboda shi, ko kwalliya ce kawai?

Admin:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka ƙanena. Jama'a a ba shi shawara da hujja dan Allah, kar a mayar da ita faɗan Canon da Nikon kamar wancan satin.

Baba Mai Hoto:
Ɗana, ogan naka bai yi ƙarya ba sai dai ya taƙaita maka bayani. Ni tun zamanin fim nake wannan sana'a, lokacin da hoto 36 ne a cikin kwali ɗaya kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanko. Abin da wannan zamanin ya koya mana shi ne hannu ya san kyamara ba tare da ido ya duba ba. Idonka yana cikin maleƙa, ɗan ramin nan da ake leƙawa a saman kyamara, yana kallon ango, babban yatsa yana kan taya ta baya, manuni yana kan taya ta gaba, kana canja haske kana matsar da fokos duk ba ka ɗaga kai ba. Sikirin na shafa kuwa dole sai ka kalle shi kafin ka taɓa shi, domin gilashi ne sumul, babu tudu babu kwari da yatsa zai gane inda yake. To wannan daƙiƙa biyun da ka sauke kyamara daga ido ka duba, a cikinsu uwar amarya ta rungume 'yarta ta saki, hawayen da kake jira tun safe ya wuce. Ba za ka ce musu a maimaita ba. 5D Mark III tana da joyistik, ɗan tsinin da ake turawa kowane gefe don matsar da fokos, a baya daidai inda babban yatsa yake kwanciya, 6D Mark II ba ta da shi. Ni a nan kaɗai ma na gama zaɓi.

Mai Bidiyon Biki:
Baba ranka ya daɗe, a hoto na yarda da kai ɗari bisa ɗari amma ka duba ƙarshen maganar yaron, yace yana yin bidiyo. 5D Mark III ta 2012 ce, in kana bidiyo da ita fokos ba ya bin mutum da kansa, da hannu za ka riƙa murɗa lens kana bin amarya tana tafiya, kuma sikirin ɗin a manne yake ba ya motsi. 6D Mark II ta fito 2017 da tsarin fokos ɗin nan da Canon suke kira Dual Pixel wanda suka fara sawa a 70D tun 2013, shi ne ya sa da ya taɓa fuskar mai shago fokos ya tafi kai tsaye ba tare da ya yi ta gaba da baya yana lalube ba. Ka ɗauki misalin mai turare, ta riƙo kwalba a gaban fuskarta tana bayani, ka taɓa kwalbar fokos ya zo kanta a hankali, ka taɓa fuskarta ya koma, babu girgiza babu ƙarar botin da makirfo zai kama. Wannan abin da a da sai ƙwararre mai hannu a kwance yake iya shi. Kaga ai ba kwalliya ba ce wannan.

Baba Mai Hoto:
To ai kai ma ka faɗa da bakinka, Dual Pixel ɗin ne ke aikin ba shafar ba.

Mai Bidiyon Biki:
Haka ne Baba, amma ta ina za ka gaya mata wa kake so ta bi a cikin mutum goma da suka cika sikirin? Da botin sai ka yi ta latsawa akwatin fokos yana rarrafe daga wannan gefe zuwa wancan kuma kowace latsa tana girgiza bidiyon. Da yatsa taɓawa ɗaya ce. Su biyun tare suke tafiya.

Antin Hoto:
Slm. Ƙanena bari in ba ka nawa a matsayina na wadda rabin aikinta a cikin mata ne, inda maza ba sa shiga. A wajen kamu ko sa lalle ba ka da fili, ƙawayen amarya sun yi mata zobe, gwaggo tana nan inna tana can, masu liƙi sun taso, ni kuma ba doguwa ba ce. Abin da ke cetona shi ne in ɗaga kyamara sama da kaina, in karkato da sikirin ƙasa ina kallo, in taɓa fuskar amarya da babban yatsa in ɗauka. Hotunan da amare suka fi so a wajena yawanci irin waɗannan ne na sama. Haka in zan ɗauki lallen ƙafa ko takalmi, na kwantar da kyamara kusa da ƙasa ba sai na kwanta a tabarma da kayana ba. Sannan duba hoto, da yatsa biyu za ka buɗe shi ka je kan ido kai tsaye ka ga ko fokos ya zauna, kafin amarya ta tashi ka gane ko sai an sake.

Amma fa akwai abin da ya dame ni da shi kuma ban taɓa jin maza sun kawo shi ba. Tunda kowa ya iya waya, kowa gani yake ya iya kyamararka. Da can in ka nuna wa mutum hotonsa zai kalla ne ya ce ma sha Allah ya wuce don bai san wane botin zai latsa ba. Yanzu kana miƙa sikirin sai yatsa ya sauka, a fara shafawa ana wuce hotuna. Wata rana na fito daga ɗakin amarya inda na ɗauke ta da ƙawayenta ba mayafi ba ɗankwali ana musu kwalliya, a ƙofar gida wani abokin ango yace in ɗauke shi, na ɗauka na nuna masa, kafin in ankara ya shafa baya ya faɗa kan hotunan cikin ɗaki. Na fizge da sauri amma raina ya ɓaci har na koma gida, domin amana aka ba ni. Tun daga ranar ba na sakin kyamara a hannun kowa, kuma in zan fita wajen maza sai na canja kati. Banda maiƙon hannu, mutum ya gama cin nama da waina ya zo ya dangwala maka yatsa a sikirin.

Yaron Situdiyo:
Kai Anti wannan kam ban taɓa tunaninsa ba wlh. Ngd sosai.

Antin Hoto:
Ba komai. Kuma ga 'yan uwana mata, farce ba ya aiki a kansa, sai tsokar yatsa. In kin tara farce za ki sha wahalar ƙananan akwatunan menu.

Na Damagaram:
Salamu alaikum 'yan uwa. Mu nan Zinder matsalarmu da ekran, wato sikirin, ba ta wuce rana da ƙura. Ranar hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, rana ta take, dawaki sun tada ƙura, wallahi ekran baƙi ƙirin kake ganinsa ko ka ƙure haskensa, fuskarka kawai kake gani a ciki kamar madubi. To abin da ba ka gani ta yaya za ka taɓa shi daidai? Dole ka koma maleƙa. Kuma ƙurar nan in ta kwanta bisa gilashi kana shafawa da yatsa kamar kana goga masa yashi ne, sannu sannu sai ka ga ya yi zane-zane. Ni aparai ɗina, wato kyamarata, yana da shafa amma in zan fita aikin waje kashe shi nake yi, sai na shiga zaure ko situdiyo nake kunnawa.

Basakkwace:
Na Damagaram gaskiya kaf faɗi. Mu ma nan in zafi ya yi, watan huɗu da na biyar, zufa ta ka hana aiki. Ni abin da yaf faru gare ni shi as sa ni tsoron wanga abu. Na ari kyamarar wani abokin aiki, ba sai na faɗi kamfani ba, mun tai ɗaurin aure bayan Juma'a, na rataye ta ga wuya tana gugar rigata da ta jiƙe sharkaf. Ashe duk tafiyar da nike yi sikirin na ta taɓuwa, akwatin fokos ya gudu can kusurwar ƙasa. Liman ya ɗaga hannu ana fatiha, na ɗaga na ɗauka huɗu biyar da sauri, sai da jama'a ta watse na duba na ishe tabarma ta fito tas, fuskokin waliyyai duk sun yi dishi-dishi. Kunyar da nij ji rannan har gobe ban mance ta ba, don hoton fatiha shi ne wanda uban ango yat tambaya da farko.

Mai Bidiyon Biki:
Allah sarki, wannan da ciwo. Amma Malam ai akwai maganinsa a setin.

Basakkwace:
Akwai, amma wa ya gaya min sannan? Ba tawa ba ce. Kuma abin da ba ya taɓuwa da kainai ba ya buƙatar magani.

Injiniya Mai Gyara:
Jama'a barkanku. Bari in shigo ta ɓangaren da nake gani a kan teburina kullum, wataƙila ya warware wasu abubuwan. Sikirin ɗin kyamarorin yanzu irin na waya ne, ba nauyin yatsa yake ji ba. Akwai wani siririn shimfiɗi a saman gilashin da ke ɗauke da 'yar wutar lantarki kaɗan, jikin mutum kuma yana ɗaukar lantarki, to in yatsa ya sauka sai ya canja yanayin wutar a daidai wurin, kyamara ta lissafa inda aka taɓa. Shi ya sa farce ba ya yi kamar yadda Anti ta faɗa, safar hannu ta yau da kullum ma ba ta yi. Shi ya sa kuma zufa da ruwa suke ruɗa shi, don su ma suna ɗaukar lantarki, ɗigon zufa ko jiƙaƙƙiyar riga a wajensa kamar yatsa ne. Abin da ya sami Basakkwace kenan. Da hunturu kuma akasin haka, yatsa ya bushe ya yi kaushi ka taɓa ya ƙi ji, mutane su kawo min su ce ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau, in ce su hura wa yatsan iskar baki su sake gwadawa sai ya yi.

Na farko-farko ba haka suke ba. Panasonic G2 ta 2010, wadda ita ce ta fara kawo shafa a kyamarar da ake canja wa lens, sai ka ɗan danna take ji. Canon 650D ta 2012 ita ce DSLR, wato kyamara mai madubi a ciki irin su 5D da 6D, ta farko mai shafa kuma irin na waya ta zo da shi, Nikon ba su sa a DSLR ɗinsu ba sai D5500 a 2015.

Yanzu maganar lalacewa, wadda ita ce ya kamata mai sayen ta hannu ya fi damuwa da ita. A gaskiya shafar kanta ba ta cika mutuwa haka kawai ba. Abin da aka fi kawo min shi ne fashewar gilashi da kuma sikirin mai juyawa da ya ɗauke, domin wayoyin da ke kai masa hoto sirara ne kuma ta cikin gwiwar da yake juyawa a kai suke bi, buɗe rufe buɗe rufe shekara da shekaru, ko a buge shi yana buɗe a cikin turmutsutsu. Wanda yake manne kamar na 5D ba shi da wannan matsalar. Amma shi ma mai juyawan yana da nasa alherin, kana iya kifa shi fuskarsa ta kalli jikin kyamara in kana tafiya ko kana cikin ƙura, babu zane babu taɓuwa.

Tambayar da nake so kowa ya riƙa yi wa kansa kafin ya sayi kowace kyamara ita ce, in sikirin ya mutu a tsakiyar biki zan iya ƙarasa aikin? A waɗannan biyun da yaron nan ya kawo amsar eh ce, duka suna da ƙaramin sikirin a sama mai nuna setin, suna da maleƙa ta madubi, suna da tayoyi biyu da botira. Shafar 6D Mark II ƙari ce a kan botira, ba ta maye gurbinsu ba. Inda nake jin tsoro shi ne ƙananan kyamarorin da aka kwashe wa botira aka tura komai cikin sikirin, waɗannan in gilashi ya fashe aiki ya tsaya cak sai an samo wani, kuma samun kayan gyaran wasu sai an yi oda an jira.

Admin:
Injiniya Allah ya ƙara basira. Wannan bayanin zan maƙala shi a sama.

Ɗan Jos:
Maganar safar hannu gaskiya ce, mu nan watan sha biyu da na ɗaya in ka fita ɗaukar hoto da asuba a kan duwatsu sai da safa, ni dai na yanke kan babban yatsa da manuni na tawa shikenan. Amma ni tambayata batir ce Injiniya, ance shafa na shan batir, gaskiya ne?

Injiniya Mai Gyara:
Shafar kanta abin da take ci kaɗan ne. Abin da ke shan batir shi ne sikirin a kunne da kuma sensa, abin da ke karɓar haske a cikin kyamara, da ke aiki ba tsayawa don ta nuna maka hoto kai tsaye. A DSLR kuma ba za ka taɓa fuska fokos ya je ba sai ka kunna wannan yanayin na kallo ta sikirin. Ka duba lissafin Canon da kansu a kan 700D, ta maleƙa batir ɗaya yana ba da hoto wajen 440, ta sikirin kuwa wajen 180. Kaga bai kai rabi ba. To duk wanda shafa ta yi wa daɗi ya koma ɗaukar komai ta sikirin kamar mai waya, ya tanadi batir biyu ko uku, balle mu da ba kullum ake samun wutar caji ba.

Baba Mai Hoto:
Yauwa, ka zo inda nake so. Ba batir kaɗai ba, riƙon ma lalacewa yake. Yaran yanzu za ka gansu sun miƙe hannu da kyamara nesa da jiki suna kallon sikirin, ga lens mai nauyi, ga hasken holin biki kaɗan ne, dole hoto ya girgiza. In kyamara na manne da goshi, gwiwar hannu na manne da haƙarƙari, wuri uku ne suka riƙe ta. Na sha karɓar yara koyon aiki, wanda ya fara da shafa sai ya shekara bai san me afaca, ƙofar lens da ke ƙara ko rage hasken da ke shiga, take yi ba, shi dai ya taɓa ya ɗauka.

Malamin Koyon Hoto:
Baba a yi min afuwa, a nan kam zan saɓa maka kaɗan. Ni abin da na gani a wajen ɗalibaina akasin haka ne. Yaro ko yarinyar da ta taso da waya, in ka miƙa mata kyamara mai botira ashirin tsoro take ji, sai ta bar ta a kan oto har abada. Amma in ta latsa botin Q ta ga setin haske guda uku, ISO da shota da afaca, a jere a sikirin, ta taɓa ɗaya ta ja da yatsa ta ga hoton yana haske yana duhu a gabanta, a rana ɗaya take gane abin da mu muka yi watanni muna haddacewa. Daga baya da kanta take komawa kan taya don ta ga ta fi sauri. Laifin ba na sikirin ba ne in yaro bai koya ba, mu ne ba mu zaunar da shi mun nuna masa ba. Ga kuma abubuwan da ko kai Baba na tabbata za ka fi son yi da yatsa, kamar rubuta sunanka a cikin kyamara don ya riƙa fita a bayanan kowane hoto, ko sa lambar sirrin wayifai. Gwada rubuta suna da taya harafi ɗaya-ɗaya ka ji yadda rai ke ɓaci.

Baba Mai Hoto:
Malam na karɓi wannan ta rubutu. Ta koyarwa kuma zan gwada da yaron da ke wajena yanzu in gani, ba na musun abin da ban jarraba ba.

Mai Sony:
Ni dai ƙarin bayani ga masu karatu a ɓoye, kar ku ji an ce kyamara tana da shafa ku ɗauka duk ɗaya ne. Sony a7 III ta 2018 tana da shi amma kusan na zaɓen wurin fokos ne kawai, ba ka shiga menu da yatsa, sai daga a7S III ta 2020 da a7 IV suka buɗe shi gaba ɗaya. a6000 kuma da ta cika hannun mutane ba ta da shi sam. Ku gwada a shago kafin ku biya.

Sannan a kyamarori marasa madubi a ciki, irin su Sony ɗin nan, akwai wani abu da ya haɗa maganar Baba da ta Mai Bidiyo, idonka na cikin maleƙa kana jan babban yatsa a kan sikirin akwatin fokos yana bin sa, ba ka sauke kyamara ba. Canon M50 da RP duk suna yi. Matsalarsa ɗaya hanci, musamman mai leƙe da idon hagu, hancinsa ne zai riƙa matsar masa da fokos, sai ka shiga setin ka ce rabin dama kawai ko kusurwar sama ce za ta yi aiki.

Mai Bidiyon Biki:
Kuma ku lura kamfanonin ma sun gwada sun dawo. Canon EOS R ta 2018 ba joyistik, suka sa mata wata 'yar sandar shafa a kusa da maleƙa, masu hoto da yawa ba su so ta ba, da R5 da R6 suka fito a 2020 babu ita joyistik ya dawo, sikirin na shafa kuma yana nan. Wato duka biyun ake so.

Yaron Situdiyo:
Manyana wlh na ƙaru fiye da yadda na zata. Amma kaina ya ɗan ƙara kullewa, in bar maganar shafa gefe, akwai wani abu da zai sa in fasa 6D Mark II ɗin?

Basakkwace:
Kati. 5D Mark III ramin kati biyu gare ta, CF da SD, kana iya sa ta rubuta kowane hoto ga duka biyun. 6D Mark II rami guda. Kati ya lalace maka da hotunan ɗaurin aure, ina za ka sa kanka?

Baba Mai Hoto:
Wannan ita ce babbar magana, ta fi ta sikirin nauyi nesa ba kusa ba. Ga kuma wuraren fokos, 61 a 5D, 45 a 6D kuma sun taru a tsakiya.

Antin Hoto:
Gaskiya ne amma ni shekaru nake aiki da mai rami ɗaya. Dabarar ita ce kar ka sayi katin bakin titi, kar ka zuba biki guda a kati ɗaya, kamu da katinsa dina da katinta, kuma ka kwafe a daren kafin ka kwanta ko ka gaji. Ban ce haɗarin babu ba. Amma ka auna da aikin da ke kawo maka kuɗi yanzu ƙanena, in masu atamfa da turare ne suke riƙe ka tsakanin biki da biki, 5D za ta wahalar da kai a bidiyo sosai. Kuma 6D ɗin tana da wayifai, kana tura wa amarya hoto biyu uku a waya tun ana cikin taro ta sa a sitatus, wannan kaɗai yana kawo wani aikin.

Mai Bidiyon Biki:
Don adalci dai, 5D Mark III tana da ramin iyafis na jin sauti lokacin ɗauka, 6D Mark II ba ta da shi. Sai ka riƙa gwajin makirfo kafin ka fara.

Injiniya Mai Gyara:
Ko wacce ka tsayar, ga abin da za ka yi a shagon kar kunya ta hana ka. A sa ta a kwamfuta a duba adadin shota, wato yawan hotunan da ta ɗauka, ita 5D Mark III kamfani ya ƙiyasta mata 150,000 ne kuma yawancin na hannu sun sha aikin biki. In 6D ce, buɗe sikirin ka juya shi a hankali ta kowane ɓangare kana kallo, in ya yi ƙyafta ko launi ya canja a wani wuri to wayar ciki ta fara gajiya, ka bar ta. Shiga wurin rubuta suna ka taɓa kowane harafi har na kusurwoyi don ka gane ko akwai inda shafa ta mutu. Ɗauki farin bango ka duba tabo. In ka saya, a ranar ka manna masa gilashin kariya, ba ya hana shafa aiki. A cikin menu mai alamar sifana akwai wurin da za ka ƙara masa ji ko ka kashe shi gaba ɗaya, ka haddace inda yake. Sannan akwai wata 'yar alama a kusurwar hagu ta ƙasa da ke sa kyamara ta ɗauki hoto da zarar an taɓa sikirin, ka tabbatar a kashe take sai lokacin da kake buƙata, in ba haka ba kati zai cika da hoton takalman mutane.

Na Damagaram:
Kuma ka samu ɗan ƙyalle mai laushi da abin hura iska, ka fara hure ƙura kafin ka goge, kar ka goge da bakin riga.

Yaron Situdiyo:
Slm manyana, na dawo da bayani. Jiya Asabar na je tare da oga da kansa. Mun duba 5D ɗin shotarta ta yi nisa sosai kuma robar jikinta ta fara ɗagowa, 6D Mark II ɗin kuma na yi mata duk gwajin da Injiniya ya faɗa, na juya sikirin ta ko'ina bai ƙyafta ba, haruffa duk sun taɓu. Ita na ɗauka, da batir biyu da kati uku. Oga ya sa min sharaɗi kuma na karɓa, wata uku duk hoton da zan ɗauka a wajen ɗaurin aure da taron maza ta maleƙa zan ɗauka sikirin a kife, shafa sai a bidiyo da wajen da jama'a suka rufe ni. Har ya saita min botin ɗin baya mai kibiyoyi ya zama shi ke matsar da fokos kai tsaye tunda babu joyistik. Allah ya saka wa kowa da alheri, Baba da Anti da Injiniya da duk wanda ya sa baki.

Baba Mai Hoto:
Allah ya sa ta zama ta arziki ɗana. Ka turo mana hotunan bikin farko mu gani, har da waɗanda ba su yi kyau ba.

Antin Hoto:
Amin. Kar ka manta da maganar canja kati kafin ka nuna wa kowa hoto.

Ɗan Jos:
Ma sha Allah. Injiniya kafin a rufe, gilashin kariyar nan na waya zan iya yankawa in sa ko dole sai wanda aka yi wa kyamarar?

Injiniya Mai Gyara:
Na gilashi ba ya yankuwa, tarwatsewa zai yi. Nemi wanda aka yi daidai da lambar kyamararka, kuma in sikirin ɗinka mai kifewa ne ka zaɓi siriri don ya rufu daidai.